Kunyar 'Yar Fari a Jidda

Zangona na farko a Jidda wani ɗaki ne a bayan asibiti, mai gadaje masu hawa biyu. Ni ce, da 'yan Filifin, da wata 'yar Indiya mai munshari kamar injin markaɗe. Dillalin da ya samo mini aikin jinyar tun daga Kano ya rantse mini cewa gida sukutum za a ba ni, har da ɗakin yarinya, kuma kafin in gama kwance kaya zan ɗauko 'yata. Da na kai wa wakilin kafili, wato ubangidan da ya ɗauki nauyin zuwana, wannan zance, ko ɗaga kai bai yi ba. Ya ce wannan tsakanina da ɗan ƙasarmu ne, su ba su san da shi ba. Ya miƙo hannu ya karɓi fasfona ya jefa a aljihun tebur. Na kira dillali, lambarsa ta daina shiga, har yau kuma ba ta shiga ba. Ban yi masa Allah ya isa ba, amma kada wani ya je ya ce masa na yafe.

Na daɗe a ɗakin nan ina wanke raunukan mutane, ina tsintar Larabcin Hijaz a bakin marasa lafiya, wanda rabinsa addu'a ne rabinsa zagi. Akwai tsohon da ya ce baƙar mace ba za ta taɓa shi ba. Na ce to, na koma gefe na naɗe hannu, har ciwo ya sa ya aiko a kira ni da kansa. Abincinsu ma sai da na yi yaƙi da shi, shinkafa safe da rana da yamma, ba yaji ba daddawa. Abin da ya riƙe ni shi ne 'yata da na baro a Zariya wajen mahaifiyata. Ita kaɗai gare ni, mahaifinta ya rasu tana rarrafe.

Sunanta Safiyya. Sunan Inna aka mayar mata, don haka a gida Mami ake ce mata. Ni kuwa ko Mamin ba na faɗa. Ga ta 'yar fari, ga ta da sunan uwata, kunya biyu ke nan a kan yarinya ɗaya. "Ke" nake ce mata, ita kuma ta ce mini Anti, domin a ɗakin Inna ta tashi. Ba na yabonta, ba na wasa da ita a gaban mutane, in ta yi abin kirki sai in kawar da kai in yi murnata a ciki. Haka na ga ana yi, haka Inna ta yi wa babban yayanmu, kuma ban taɓa jin wanda ya mutu don uwarsa ba ta kira sunansa ba.

Zango na biyu unguwar Nuzla ce, a kudancin gari. Bayan na yi ta safa da marwa a kan takardu har aka gyara mini iƙama, wato takardar izinin zama, yadda zan iya kawo iyali, na kama ɗaki biyu a saman wani tsohon bene, a wani lungu da mota ba ta shiga sai ta gogi bango. A ƙasan benen akwai wata dattijuwa, Khala Maryam, Bahaushiya haifaffiyar Jidda. Kakanninta ne suka zo aikin hajji a ƙafa suka yi zamansu. A Karantina ta yi rayuwarta duka, sai da aka rushe unguwar ta dawo nan da 'ya'ya da jikoki da tukwanenta. Ran da na tare, ban gama share ɗaki ba na ji sallama da Hausa a kan matakala. Ga ta tana haki, da kwanon tuwo da miyar kuka a hannu.

"Ya binti, 'yata, an ce 'yar gida ta zo. Ki ci, in kin rage kin zage ni."

Na zauna a ƙasa na ci ina share hawaye da bakin mayafi, ita kuma ta yi kamar ba ta gani ba, tana ba ni labarin mai gidan da rowarsa.

Mami ta sauka tana da shekara goma, doguwa, siririya, rabin jakarta littattafai. A Zariya makarantar Turanci take, kuma Turancin ba baƙonta ba ne. Da shi take gardama da 'yan ajinsu, da shi take cinye manyan littattafan labari da mahaifinta ya bari. Hausarta kuwa ta ɗakin tsohuwa ce, da karin magana da habaici, har maƙwabta na ce mata kakar gida. Makarantun gwamnati a nan da Larabci suke koyarwa, don haka na nema mata gurbi a wata makarantar baƙi da ke arewacin gari, inda ake komai da Turanci. Kuɗinta ya sa ni da nama muka koma gaisuwar nesa, amma ban damu ba.

Makarantar nan ita ce zangona na uku, kuma a nan tafiyar ta fi yi mini tsauri, fiye da ɗakin gadaje, fiye da dillali.

Kafin su ɗauki yaro sai sun gana da shi. Aka shigar da mu ofishin shugabar ɓangaren firamare, wata Baturiya mai furfura da fara'a, Misis Helen. Mami na shiga ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, ta tashi ta ɗosana a bakin kujera, ta sunkuyar da kai. Na ji daɗi a raina, na ce Inna ta yi aiki. Ita kuwa Misis Helen sai na ga ta ɗan ɗaga gira.

Da Turanci aka yi komai. Ta ce wa Mami, "Ba ni labarin kanki. A wane abu kika fi kowa a ajinku?"

Yarinyar da aka raina a kan cewa yabon kai jahilci ne, ga babbar mace a gabanta, ga uwarta a gefe, me za ta ce? Ta ƙara sunkuyawa, ta ce a hankali, "Ba komai, Malama."

"Kalle ni mana. Kina son karatu?"

"E, Malama." Idonta na kan takalminta.

Tambaya ta bi tambaya, amsa ba ta wuce kalma biyu. Sai Misis Helen ta juyo gare ni. "Yaya Turancinta? Tana karatu sosai?"

To, ga inda gizo ke saƙar. A ce in buɗe baki in yabi 'yar fari, tana zaune tana ji, a gaban baƙuwar da ko masha Allah ba za ta ce ba? Bakina bai san hanyar ba. Na yi murmushi na faɗi abin da kowace uwa a Zariya za ta faɗa. "Ba laifi dai. Yara ne, sai a hankali."

"Wane harshe kuke yi a gida?"

"Hausa."

Ta gyaɗa kai irin na likitan da ya gano cuta. Ta ce an ɗauke ta, amma za a sa ta a ajin tallafin Turanci, na yaran da Turanci ba harshen gidansu ba ne. Na ɗauka wani darasi ne na ƙari, irin wanda ake yi bayan an tashi. Har godiya na yi mata. Har yau ban yarda cewa ni ko yarinyar mun yi laifi a ofishin nan ba. Tarbiyya muka kai musu, suka karanta ta a matsayin rashin sani, kuma ba su tambayi kowa ba.

Ashe ba ƙari ba ne, ragi ne. Kullum idan aka zo darasin kimiyya ko na karatun labari, sai a leƙo a kira sunanta a gaban kowa, ta ɗauki jaka ta bi baranda zuwa wani ƙaramin ɗaki. A can take zama da yaran da suka sauka jiya daga Turkiyya da Koriya, ana ɗaga musu hoton kyanwa ana tambayar mene ne wannan. Ba ta faɗa mini ba. A bakin malamar ɗakin na ji, wata 'yar Sudan, Ustaza Amal, wadda ta tare ni a ƙofar makaranta ta ja ni gefe.

"Ukhti, 'yarki ba ta ajina ba ce," in ji ta da Larabci, tana waiwaye. "Ita ke taya ni koyar da sauran. Na faɗa a ofis, an ce sai ƙarshen shekara ake sake gwaji. Ni ma iƙamata a hannunsu take, kin gane. Amma ke uwa ce, ki yi magana."

Allah ya saka wa matar nan da alheri duk inda take. Na yi maganar kuwa. Sakatare ya ce in dawo gobe, goben ta haifi jibi, jibi ta haifi mako. Da ƙyar na tare Misis Helen a baranda wata rana bayan an tashi, Mami na tsaye a gefena. Ta ce tsari ne, duk yaron da ake wani harshe a gidansu ta nan yake bi, kuma don amfanin yarinyar ne. Sannan ta dafa hannuna cikin tausayi.

"Shawarata ita ce ku ajiye Hausa a gida na ɗan lokaci. Harshe biyu yana rikita yaro."

Na tambaye ta ko 'ya'yan Faransawan da ke makarantar su ma an ce iyayensu su ajiye Faransanci. Ta duba agogo, ta ce tana da taro.

Abokan aikina 'yan gida suka ce in bi a hankali. Wata ta ce mu baƙi ne, in na ja da su suka sallame ta a tsakiyar shekara, ina zan kai ta? Wata ta ce ai in ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura. Na ce ni ba wutsiya aka ce in ɗaura ba, harshe aka ce in yanke, kuma ba zan yanke ba.

Ni ban daina ba, Mami ce ta daina. In na yi mata Hausa sai ta amsa da Turanci, wani sabon Turanci ta hanci da ban san ta da shi ba. Habaicin nan nata da ke sa ni juya baya in yi dariya a ɓoye, duk ya ɗauke. Ran Juma'a Inna ta kira kamar yadda ta saba. Ina jin muryarta daga wayar tana cewa, "Takwara, kin samu Larabawa kin manta da ni ko?" Mami ta amsa mata da Turanci, gajere, ta miƙo mini wayar ta shige ɗaki. Inna ta ce, "Me kuka yi wa yarinyar nan a can? Da bakinta na ba ki ita."

Na bi ta ɗaki na tsare ta. Ta ce, da Turancin dai, idonta a ƙasa, "In na daina, za su mayar da ni ajinmu."

Na ji baƙin ciki irin wanda ban ji ba tun rasuwar mahaifinta. Na ji tsoro kuma. Na baro gida don yarinyar nan ta samu ƙari, ga shi ana zare mata abin da ta zo da shi ina kallo.

Bayan la'asar na sauka wajen Khala Maryam. Na same ta a ƙofar ɗaki tana yanka kuɓewa, jikokinta na guje-guje. Tana yi musu tsawa da Hausa suna mayar mata da Larabci. Na zayyane mata komai. Ta nuna yaran da tsinin wuƙa.

"Shufi, duba nan, ya binti. Duk abin da na ce suna ji, amma su mayar mini da shi, abadan. Mu muka yi da hannunmu. Zamanin da 'ya'yana ke madrasa ana ce musu takari, ana dariyar bakinsu, sai muka ce khalas, a daina Hausa a waje. Daga waje abin ya biyo mu har cikin ɗaki. Dariyar ba a daina ba, Hausar ce ta tafi. Yanzu in na mutu, wa zai yi mini kuka da bakin uwata?"

Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Na ba ta labarin ranar ganawa, yadda Mami ta sunkuya da abin da ni na ce. Ta yi dariya har ta ajiye wuƙar.

"Ke ma miskina. Kin kai kunya kasuwar da ba a sayenta. A nan in an ce yaya ɗanki, cewa ake zaki ne, ko da ɗan akuya ne. In bakin mutane kike tsoro, ki ce masha Allah tabarakallah, sannan ki faɗi gaskiya. Kuma yarinya ba za ta yi magana kina zaune a kanta ba, wannan ma sai an gaya miki? Yalla, tashi ki ba ni wuri."

Na yi musayar aiki da wata 'yar Filifin, na ɗora abaya a kan kayan asibiti, na isa makarantar da safe. Sakatare ya ce ba ni da alkawari. Na ce na sani, na ja kujera na zauna a ƙofar ofishin. Ya ce in dawo gobe. Na ce gobensa na da yawa, ni yau na zo. Iyaye na wucewa suna kallona, ni ma ina kallonsu. Da suka ga abin ba na ƙarewa ba ne, aka shigar da ni. Na ce a kira mini yarinyar daga ƙaramin ɗakin, aka kira ta.

Misis Helen ta ce, "Amma ke da bakinki kika ce mini sai a hankali."

"Na faɗa. Yau kuma zan faɗi wani abu, ki saurara da kyau, don ba abu ne da zan iya maimaitawa ba."

Na ce masha Allah tabarakallah a fili, ta ji ko ba ta gane ba ruwanta. Sannan na ce, "Wannan yarinya sunanta Safiyya."

Sunan ya yi mini nauyi a baki. Ta gefen ido na ga Mami ta zabura. Na ƙi kallonta, don na san in na kalle ta ba zan ƙarasa ba.

"Safiyya ta iya karatu kafin a sa ta makaranta, da littattafan mahaifinta ta koya. Ita ke wakiltar makarantarsu a muhawara da Turanci, tana kayar da waɗanda suka girme ta. Tsofaffin unguwarmu ita suke ɗauka zuwa asibiti in likitan ba ya jin Hausa, ta juya masa maganarsu ta juya musu tasa, ba ta taɓa rikicewa ba. Tun da ta zo garin nan ta fara tsintar Larabci a bakin maƙwabta, na uku ke nan. Ban taɓa ganin yaro mai kaifin kanta ba, kuma ba don ni na haife ta nake faɗa ba."

Misis Helen ta buɗe baki, na ɗaga mata hannu.

"Ban gama ba. Ta sunkuyar da kai ne don kin girme ni, balle ita. A wajenmu yaron da ke zuba wa babba ido yana lissafa gwanintarsa, ba a cewa ya iya magana, cewa ake ba shi da tarbiyya. Turancin nan kuma ba a Jidda muka fara jin sa ba. Mutanenku suka kai mana shi har gida tun zamanin kakanni, ba mu roƙa ba. Hausa kuwa ba zan ajiye ba, yau ko gobe. In kin ga dama ki sallame ta, amma sai kin sake gwada ta tukuna, kuma yanzu."

Ta ce tsari bai ba da damar haka ba sai ƙarshen shekara. Na gyara zama na ce ni ma'aikaciyar jinya ce, na saba zama a kan mutum har ya farfaɗo. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta yi ajiyar zuciya. Ta ce to, ta ji.

Na juya ga yarinyar, na yi mata magana da Hausa, da gangan, yadda kowa zai ji. "Ke, zan fita. Ki ɗaga kai ki kalle ta cikin ido. Ni na ce ki yi, ba rashin kunya ba ne. Duk abin da ta tambaye ki, ki ba ta har sai ta ce ya isa."

Na fita na ja ƙofa na tsaya a baranda. Da farko ban ji komai ba sai muryar Baturiyar, na shiga karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can sai na ji wata murya ƙasa-ƙasa. Ta ɗan tsaya, ta ci gaba, ta fara ɗagawa. Ba Turancin hancin nan ba ne, nata ne na Zariya, yana zuba ba tuntuɓe. Na ji ana gardama a kan wani labari, wai ƙarshensa bai yi adalci ba, kuma ba Misis Helen ce ke da rinjaye ba. Har dariyarta na ji sau ɗaya. Na jingina da bango ina saurare.

Da aka buɗe ƙofa, Misis Helen ta ce, "Daga ranar Lahadi, farkon makon karatu, za ta koma ajinsu gaba ɗaya. Gaskiya ta samu ci gaba mai ban mamaki a ajin tallafinmu."

Na dube ta sama da ƙasa. "Hoton kyanwa ne ya koya mata wannan? Da abinta ta zo. Kuma ki leƙa ƙaramin ɗakin nan da kyau, ba ita kaɗai ce mai sunkuyar da kai ba."

Ba ta ba ni haƙuri ba, ni ma ban tsaya jiran sa ba. Na kama hanyar ƙofa, yarinyar na bina a baya.

Muka shiga tasi. Rana ta take, motoci sun cushe a hanyar kudu, direban na sauraron waƙar ƙasarsu. Fushin da ya ɗauke ni ya sauke ni, kunya ta dawo ta lulluɓe ni, na kasa juyawa ɓangarenta. Ita ma tagar mota take kallo. Sai da muka fara hango tsofaffin benayen Nuzla na ji ta yi magana, da Hausa, irin ta ɗakin Inna.

"Anti, duk abin nan da kika faɗa, don su mayar da ni ne, ko da gaske haka kike ganina?"

Duk tsawon rayuwarta ina ɗauka ta sani, ashe ba ta sani ba. Na kafa ido a ƙeyar direba, na ba ta amsa.

"Kin taɓa jin na yi ƙarya don Bature? Da gaske ne, har ma na rage. Ki riƙe shi da kyau, don ba kullum za ki ji ba."

Ta matso ta ɗora kanta a kafaɗata, a gaban direba, a tsakiyar titi, ni kuma ban ture ta ba.